Zubaidatu Mai Kitson Shiru

A unguwar Yara, idan mace ta ce za ta kai kanta wurin Zubaidatu, abu biyu ake tambayarta: ta iya sammako, kuma ta iya kame bakinta? In ta gaza ɗaya daga ciki, gara ta nemi wata makitsiyar, ga su nan birjik har Sabon Gari. Zubaidatu ba ta taɓa kan kowa sai bayan sallar asuba, gari ya fara haske, a gindin mangwaron da ke tsakar gidanta. Za ta zaunar da ke a tabarma, ta juya miki fuska wajen wani tsohon dutsen niƙa, ta ɗora yatsa a leɓe, shi ke nan. Daga tsagar farko har jelar ƙarshe ba za ki ji ta ce uffan ba. Baƙi kan ɗauka bebiya ce. 'Yan unguwa kuwa sai su yi dariya, don sun san zamanin da ake jiyo muryarta tun daga bakin titi.

A Jigwada aka haife ta, wurin kakarta ta koyi kitso, tana da shekara ashirin aka kawo ta Yara, gidan Malam Zailani tela. Hannunta ba shi da zafi. Ko yarinyar da ke kurma ihu in ta ga mataji, a cinyar Zubaidatu barci take yi. Shuku ne, zane ne, kalaba ce, duk wanda kika zaɓa sai ya yi wata guda bai tashi ba. Amma Allah ba ya haɗa wa mutum komai. Inda hannun ya yi sanyi, bakin ne ya kwashe zafin. Ba muguwa ba ce, a yi mata adalci, labari ne kawai ba ya kwana a cikinta. Abin da kan safe ya kawo, kan azahar zai tafi da shi, an barbaɗa masa gishiri da ɗan yaji. Malam yakan ce mata, "Ke dai da rediyo ce, da tuni batir ya ƙare a garin nan." Sai ta ce ai mata ba don kitso kaɗai suke zuwa ba. Kuma da gaskiyarta.

Ɗakin da ke kusa da zaure, Malam ya ba wata mata haya, sunanta Keziya, 'yar wajen Akwanga, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jaririya mai suna Lea. Ta shigo gidan da tabarma ɗaya, tukunya biyu, da tandar masa ta ƙasa wadda ta gada wurin uwarta. Masar Keziya! Waɗanda suka ci ta, har yau in aka yi zancen sai sun haɗiyi yawu. Gefenta a soye, cikinta kamar auduga, ba ta shan mai, ba ta tsami. Tun ƙarfe shida da rabi ƙofar gidan take cika, ma'aikata masu sauri su kama motar Abuja, da dattawan da suka fito daga masallaci. Tashin farko kuwa ba na sayarwa ba ne. Na Malam ne, a kwano mai murfi.

Shekara goma sha uku matan nan biyu suka yi kamar hanta da jini. A bayan Keziya Nasiha, 'yar Zubaidatu, ta yi rabin yarintarta, kan Lea kuma bai taɓa kwana a tsefe ba. Wannan ta ce Maman Lea, waccan ta ce Maman Nasiha. Kafin ta hura wuta, kullum Keziya ke share tsakar gidan tas, ba wanda ya sa ta. Ita Zubaidatu in ta idar da sallah komawa take yi ta rama barci, ta fito ta tarar da gida fes. Ba ta taɓa tambayar abin da tsintsiyar take kwashewa ba.

Akwai kuma wani mazaunin gidan da ba wanda ya ba shi ɗaki. Tsuntsu ne, bai kai kurciya girma ba. Bayansa ruwan toka mai ɗan ƙasa-ƙasa, cikinsa fari, haƙarƙarinsa da ɗan ja kamar ya gogi lalle, bakinsa ruwan ɗorawa. Ba shi da kyan da za a waiwaya a sake kallo. Amma da zarar ruwan farko ya sauka, sai ya hau ƙololuwar mangwaro tun gari bai gama wayewa ba, ya kama rera abinsa. Zai ɗauki baiti ɗaya ya maimaita sau biyu ko uku, ya ajiye, ya ɗauko wani. Saboda maimaicin nan Malam yake ce masa mai tilawa.

"A'a, Malam," in ji Keziya daga bakin murhu, "wannan ɗan kwayarmu ne, ƙungiyar mawaƙan coci, waƙar Lahadi yake koyo."

Shekara da shekaru suna jayayya a kan addinin tsuntsun nan, ba wanda ya kayar da wani. An tambayi tsofaffi ainihin sunansa, kowa da abin da ya faɗa. Zubaidatu kuwa ko kallo bai ishe ta ba, don ita abin da ba ya kawo labari bai dame ta ba.

A damina ta goma sha uku Malam ya faɗi a kan kekensa na ɗinki. Hawan jini ne, in ji likita. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye, sai gurnani da nuni da hannun hagu. Da aka dawo da shi gida, barcin safe ya ƙare wa Zubaidatu. Ita ce mai ɗora ruwan zafi, ita ce mai tallabo shi zuwa gindin mangwaro ta yi masa alwala a kan dutsen niƙan nan, inda ya shekara talatin yana ɗora ƙafa.

A nan ta fara ganin su. Ɓawon dodon koɗi ne, ƙanana, biyar ko shida, a farfashe a kan dutsen da kewayensa, an yashe naman ciki. Ran farko ta share da ƙafa. Washegari ga wasu. Rana ta uku ta leƙa ta taga, sai ta ga Keziya ta ajiye tsintsiya, ta tsuguna, tana tsince su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ta dunƙule a tafi, ta zaga bayan gida da su.

Da a lokacin ta buɗe ƙofa ta ce, "Maman Lea, mene ne wannan?" da labarin nan bai samu ba. Matar da ke iya tambayar baƙuwa sunan mijinta da abin da ya raba ta da na farko, ta kasa tambayar aminiyarta kalma uku. Tsoro ne ya riƙe ta, tsoron mai jinya da ta gaji, wadda ke neman wanda za ta ɗora wa laifin abin da ya same ta. Sai ta kwashi zancen ta kai wa Madina, ƙanwar Malam.

Madina ta dafe ƙirji. "Matar yaya, ruwa ba ya tsami banza. Mutum lafiyarsa ƙalau ya faɗi kamar an sare shi? Kuma a daidai inda yake ɗora ƙafa ake fasa abin, kuma ƙafar ce ta mutu?"

"To me ya yi mata?"

"Kin manta bara ya ce zai mai da ɗakinta shago?"

Ya faɗa, gaskiya ne, amma cikin wasa ya faɗa, Keziya ma tana wurin tana dariya. Zubaidatu ta san haka sarai. Ta sani, ta kau da kai.

Ba ta tari Keziya ba. Abin da ta iya shi ta yi. Kai yana tsakanin gwiwoyinta, kibiya tana tsaga, sai ta sassauta murya ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, zato zunubi ne. Amma abin da idona ya gani a gidan nan..." Kafin a ƙulle jela ta ƙarshe ta faɗi komai, har da abin da idon bai gani ba. Cikin mako uku ƙofar gida ta yi fayau. Masu motar Abuja suka koma shayi da burodi. Dattawan masallaci suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titi. Kwanon Malam kuwa ya riƙa komawa yadda ya zo, ko murfin ba a ɗaga ba.

Wata Asabar, tsakar gida cike da mata masu jiran layi, Keziya ta shigo da kwanon a hannu.

"Maman Nasiha, me na yi? Kwana nawa ke nan ina zubar da ƙullu. Mutane suna wuce ni kamar ba su san ni ba. In laifi na yi, ki faɗa mini."

Madina ce ta amsa. Ta kwance wata baƙar leda, ta zazzage ɓawon a gabanta. Keziya ta duba, sai ta yi dariya, dariyar wanda aka sauke wa kaya.

"Wannan? Haba! Ai ɗan kwaya ne. Tsuntsun nan ne yake fasa su a dutse ya ci. Ni kwashewa nake yi kada su yanki Malam a ƙafa."

Gida ya ɗauki shewa. Wata har da riƙe ciki. Madina ta ce, "Tsuntsu da guduma! Yau mun ji sabo."

Keziya ba ta dubi kowa ba sai Zubaidatu. Ita kuwa ta sunkuyar da kai a kan gashin da take kitsawa, ta ce, "Ko ƙarya ma ba ki iya ba."

Daga cikin ɗaki aka ji Malam yana gurnani, yana dukan ƙyaure da hannun hagu, bam, bam, bam. Mata suka dubi juna. Madina ta ce, "Kun ji ko? Ko muryarta ba ya son ji."

A ƙarshen watan Oktoba Keziya ta tashi, ta koma Sabon Gari. Keke mai ƙafa uku guda ɗaya ya kwashe ta da Lea da kayansu, tandar tana kan cinyarta. A makon nan ɓawon ya daina bayyana, ɗif. Unguwa ta ce, kun gani ko? Ba wanda ya tuna cewa a makon nan ne ruwa ya ɗauke, dodon koɗi ya shige ƙasa ya rufe ƙofarsa sai wata daminar.

Malam bai tashi ba. A watan Fabrairu ya rasu, Zubaidatu ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba kitso, ba fita, masu zuwa gaisuwa ma suka ɗauke ƙafa. Karon farko a rayuwarta ta zauna ba kai a gabanta, ba kunnen da za ta zuba wa magana. In ta yi sallar asuba sai ta zauna a bakin ƙofa da carbi, tana kallon tsakar gidan da ganye ya fara rufewa, don mai sharar ta tafi.

Cikin Afrilu ruwa ya sauka. Washegari ta ji mai tilawa a kan mangwaro, ta tuna Malam, ta yi kukanta ta share. Bayan mako guda ta je ɗauko buta, sai ga ɓawo huɗu a kan dutse.

Abin kunya ne a faɗa, amma tunaninta na farko shi ne ko Keziya katanga take haurowa. Ta ƙudura sai ta kama ta da idonta. Da gari ya fara haske ta zauna a bakin ƙofa, ta lulluɓa, ko carbin ba ta ja.

Sai ga shi ya sauko. Ya yi tsalle uku, ya tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraron ƙasa. Ya sa baki ya watsar da busassun ganye gefe. Ya je gindin katanga inda danshi yake, ya ciro dodon koɗi, ya riƙe shi ta bakin ɓawon, ya taho da shi har kan dutsen Malam. Ya kaɗa kai dama, ya kaɗa hagu. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A bugu na bakwai ɓawon ya tarwatse. Ya zaro naman, ya goga shi a ƙasa, ya haɗiye, ya goge bakinsa a gefen dutsen kamar wanda ya gama cin tuwo, ya tafi neman wani.

Zubaidatu ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Tsuntsun nan ne yake fasa su a dutse ya ci. Haka Keziya ta faɗa, kalma ɗaya ba ta canza ba. Sannan wani abin ya faɗo mata, wanda ya fi wannan ciwo: dukan ƙyauren nan na ranar Asabar. Mutumin da ya shekara talatin yana alwala a dutsen nan, yana hira da tsuntsun, ai ya sani. Shaida yake bayarwa da hannun da ya rage masa, matarsa ta bari aka fassara shi a juye. Ta so ta kurma ihu, amma wa za ta kira? Waɗanda za ta roƙa gafara, ɗaya yana kabari, ɗaya kuma tana Sabon Gari, ita ga takaba ta ɗaure mata ƙafa har sauran mako bakwai.

A mako bakwai ɗin nan ta san tsuntsun fiye da yadda ta san wasu danginta. Ashe su biyu ne, kamarsu ɗaya, sai dai namijin ne mai waƙa. Ta ga macen tana jidar taɓo daga bakin rariya, da ciyawa da saiwoyi, ta gina sheƙa kamar ƙaramar ƙwarya a inda reshen mangwaro ya rabu biyu. Ta ga ta kwanta a kai mako biyu, ba ta sauka sai ta ɗan tsattsaga ta koma. Wata safiya iska ta jefo rabin ɓawon ƙwai, shuɗi-shuɗi da ɗigon ja, ta gane an ƙyanƙyashe. Daga nan uwa da uba ba hutu, wannan ya ja tana daga ƙasa kamar mai zare zare, waccan ta kawo tsutsa, ƙwas-ƙwas ɗin dutse ya ninka. Bayan wani mako biyun 'ya'ya biyu suka sauko, ƙirjinsu da ɗigo-ɗigo, suna bin iyayen da baki buɗe. Duk wannan a gidanta ake yi shekara da shekaru, tana tsakiya tana ba da labarin gidajen mutane.

Ranar da ta fita takaba ba ta je gidan kowa ba sai Sabon Gari. Ta sha tambaya kafin aka nuna mata wani lungu bayan garejin makanikai. Ta tarar da Keziya a kan benci, buhunan gawayi a bayanta, hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwa.

"Maman Lea."

Keziya ta ɗaga kai. Ta dube ta, ta ce, "Na ji rasuwar Malam. Allah ya ba da haƙuri. Na so in zo, na ce kada a ce na zo ganin aikina."

Zubaidatu ta durƙusa a cikin garin gawayin. "Na gan shi. Na gan shi da idona yana fasawa."

"Ai na faɗa miki."

"Kin faɗa. Ki yafe mini don girman Allah."

"Tashi, za ki ɓata zaninki." Keziya ta matsa mata a benci. "Da na zo nan na kafa tanda. Wata biyu ana saye. Sai wata ta zo wucewa da sabon shuku a kanta, na gane hannunki tun daga nesa. Ta tsaya ta nuna ni da baki. Washegari ba kowa. Shi ne na ce bari in sayar da abin da ba a ci." Ta kakkaɓe hannu. "Yafiya tawa ce, Maman Nasiha, na ba ki. Tun a coci na ajiye wannan. Amma sunana ba ya wurina balle in ce na karɓa. Yana kawunan da kika kitsa."

Zubaidatu ta koma gida da niyyar gyarawa cikin mako uku, kamar yadda ta ɓata cikin mako uku. Ta buɗe kitso, duk wadda ta zauna sai ta ce mata, "Maganar nan ta Keziya, ƙarya na yi. Tsuntsu ne." Sai mai kan ta ce, "Allah sarki, Maman Nasiha, ke dai akwai zuciya mai kyau. Har yanzu kina rufa mata asiri." Wata ta ce ai mutuwar Malam ce ta taɓa ta. Madina kuwa cewa ta yi a nemo mata rubutu ta sha, abin ya fara kama ta ita ma. Bakin da aka gaskata ranar da ya yi ƙarya, yau ya faɗi gaskiya an ƙi saye. Magana zarar bunu ce, ta sha jin haka tun tana yarinya, amma sai yanzu ta ga ramin da bunun ya bari a rufin wani.

To, tunda ji ya ƙi, saura gani. Ta zauna ta lissafa kawunan da ta kitsa a waccan daminar, don makitsiya takan manta fuska amma ba ta manta kai. Arba'in da ɗaya. Ta aika wa kowacce cewa daga yau kitsonta na sassafe ne, mace ɗaya a rana, kuma ba magana, don mai shaidar, wato tsuntsun, ba ya son hayaniya.

Gidan ma sai da ya canza. Ta hana a share gindin mangwaro, saboda a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye dodon koɗi da tana suke zama. Maƙwabta suka ce ƙazanta ta kama ta, ta ce ta ji. Kyanwarta da ta shekara shida da ita, ta ba da ita can Jigwada, kada ta far wa tsuntsun. Mai feshin maganin ciyawa ya zo ya ce zai gyara mata gindin katanga, ta kore shi kamar ya zo sata. Da rani, lokacin da tsuntsun yake yin shiru ya koma cin 'ya'yan dogon yaro da ɓaure, takan bar masa gwanda ɗaya ta nuna a bishiya, ta ajiye ruwa a kasko, don kada ya ga gidan wani ya fi. Ko a ranin ma ba ta magana a kan kitso, kada ya saba da tsoron wurin.

Shi kuwa ba ma'aikacin kowa ba ne. Wata ranar ya sauko kafin a gama tsagar farko. Wata ranar ya zauna a sama ya yi ta tilawarsa har a gama kai, ko ƙasa bai duba ba. Akwai matar da sai da ta zo sau biyar. Amma in ya sauko ya ɗauko abinsa, Zubaidatu takan tsayar da hannu, ta riƙe kan da tafi biyu ta saita shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Takan ji wuyan matar ya saki a hannunta. Wasu su ce innalillahi a hankali. Wasu kuma sai a ga sun goge ido da bakin zani. A nan ne kawai take buɗe baki, ta ce, "Maman Lea tana bayan garejin makanikai, a Sabon Gari. Ki faɗa wa wadda kika faɗa wa."

Damina shida abin ya ci. Wasu sun yi aure Lafiya, wasu sun koma Mararaba, sai da ta jira bikin da zai kawo su gida. Ɗaya ta rasu ba ta gani ba, kuma Zubaidatu ta ce wannan tana nan a wuyanta har gaban Allah. Ko tsuntsun ma ba ta da tabbacin na farkon ne, wataƙila jikansa ne ya gaji dutsen. Madina ce ta ƙarshe. Ta zo tana cika tana batsewa, don bikin ɗanta ya matso kuma ba hannun da ya iya kanta sai wannan. Ranar kamar an aike shi, ya fasa uku a jere. Madina ta gyara zama, ta ce, "To ai ni dama tun farko cewa na yi a bincika." Zubaidatu ta ci gaba da kitso. Ba ta da bakin da za ta ga laifin wani.

A shekarar nan Nasiha ta zo wankan gida da ɗanta na fari. Ana saura kwana uku suna, Zubaidatu ta tafi Sabon Gari.

"Maman Lea, 'yarki ta haihu. Masar suna nake roƙo, daga hannunki."

"Za su ci?"

"Ki zo ki gani."

Keziya ta ce tandar tana ƙarƙashin gado, sai ta duba ko ba ta tsage ba.

Ta zo da sassafe, tandar a kai. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi ganyen da ya taru, ta dubi dutsen, ta girgiza kai. Ta hura wuta a inda murhunta yake a da. Mata suka fara shigowa, waɗannan dai da suka yi shewa ranar Asabar, kowacce ta durƙusa ta ce, "Maman Lea, ina kwana," wasu ba sa iya haɗa ido da ita. Suka yi layi da kwanuka, Madina a gaba.

Zubaidatu tana gefe tana kallon hannun Keziya. Ta ga ba ya ɗebo ƙullu daidai kamar da. Ta ga Keziya tana kanne ido, don ƙurar gawayi ta shekara shida ta cinye mata gani. Tashin farko ya kama tanda. Na biyu gefe ya ƙone, ciki bai nuna ba. Na uku ma haka. Mata suka karɓa suka ci, da ƙonannen da ɗanyen, ba wadda ta ɓata fuska. Madina ta miƙo kwano a ƙara mata. Kafin hantsi ƙullu ya ƙare tas.

Keziya ta ɗauki guda ɗaya da ta rage, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Sun ci, Maman Nasiha."

"Sun ci, Maman Lea. Ko ɗaya ba a bari ba. In kina so, ɗakinki yana nan, ƙofar gida ma tana nan."

"Sun ci don kunya, na gode musu. Amma ba ita ba ce." Ta juya tafin hannunta tana kallo. "Hannun ya manta."

Zubaidatu ta dubi tafin hannun nan. Sunan ta dawo da shi, kai arba'in, ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa ba ta san ƙofar da za ta je ta karɓo shi ba.

Da la'asar Keziya ta ɗauki jaririn ta sa masa albarka, ta yafa gyalenta. Nasiha ta biyo ta da tandar, an wanke.

"Bar ta nan," in ji Keziya. Ta karɓa, ta kai ta gindin mangwaro, ta ajiye kusa da dutsen. "Ki riƙa zuba wa ɗan kwaya ruwa a ciki, Maman Nasiha. Shi kaɗai ya tsaya mini shaida."

Tandar tana nan har yau. Kowace safiya Zubaidatu takan cika ramukanta da ruwa, ta tsuguna ta tsince ɓawon da ke kan dutse ɗaya bayan ɗaya da hannu, ko da yake ba sauran ƙafar da za su yanka. Sannan ta shimfiɗa tabarma, ta kira mai kitso, ta ɗora yatsa a leɓe.